Mutumin da Ya San Hannun Fitila

Ƙarfe bakwai na safe, kafin gajimaren da ke kwana a kan tuddan Ngara ya gama tashi, za ka hangi wani gajeren dattijo yana tura keke a hawan bayan kasuwa. Ba ya hawa keken sai a gangare. A bayansa akwai akwatin ƙarfe ɗaure da igiyar roba, a aljihun rigarsa kuma guntun alli da ba ya rabuwa da shi, har matarsa ta gaji da wanke farin tabon ta ƙyale. Sunansa Zakayo Ntahondi. In ka faɗi wannan suna a tasha, direbobi za su tsaya kallon juna. Ka ce Fundi mai fitila, wato gwanin gyaran fitilar mota, nan take mutum biyar za su nuna maka hanya, na shida ya ce zo in kai ka.

Wurin aikinsa tsohon ɗakin ajiyar gahawa ne, dogo, ba taga ko ɗaya. In aka ja ƙofa, ko da tsakar rana ne sai ka laluba. Wani zai ce wa zai yi aiki a irin wannan wuri, shi kuwa don duhun ya kama ɗakin, yau shekara talatin da wani abu. Yana isowa zai share daɓen tas, don ya ce tsakuwa ɗaya a ƙarƙashin taya tana sa fitila ta yi ƙarya. Sannan ya zauna a bakin ƙofa, Mama Koku mai shayi ta kawo masa kofi da dafaffen rogo, su yi faɗan da suke yi kullum.

"Yau ma kin yi rowar sukari."

"Likita ne ya yi rowa, ba ni ba. Shanye ka ba ni kofina, Mzee, ina da mutane." Mzee, wato dattijo, haka muke kiransa.

Bangon ƙuryar ɗakin fari ne, ya cika da layukan alli, kowane layi da suna a gefensa. Ga na motar asibiti, ga na motar Fada, limamin cocinmu, ga na Mai Ƙaton Hanci, wanda ba wanda ya tuna sunansa na gaskiya. Kowace mota da tsayinta, don haka kowace da layinta. Zai auna tsakiyar fitila da sanda, ya kai sandar jikin bango, ya sauko faɗin tafin hannu ya ja layi. Motar ta tsaya taku goma daga bangon, a rufe ƙofa, a kunna ƙaramar wuta. In haske ya kwanta a kan layin, ka wuce. In ya haura, ko kana saurin zuwa ɗaurin aurenka ne sai ka jira.

Ƙarshen watan jiya ya miƙa makullin ɗakin ga 'yarsa Perpetuwa, wadda ta shekara goma sha biyu tana aiki tare da shi. Yanar ido ta fara rufe masa gani, za a kai shi Mwanza a yi masa aiki, kuma ya ce ko idon ya dawo kamar na jariri, shi gonar ayabarsa zai koma. Ba jarida da ta zo, ba wanda ya ba shi takardar yabo. Shi ya sa na ce bari ni in rubuta, duk da ban yi zurfi a makaranta ba.

Abubuwan da zan fara faɗa ba ni na gani ba, amma waɗanda suka gani suna nan da ransu, a je a tambaye su.

Mama Koku ta ga ranar da ɗan wani mai kuɗi ya kawo ƙwayayen fitila masu farin haske irin na walda, ya ce a saka masa don ya ga hanya har Rusumo. Fundi bai yi musu ba. Ya saka, ya ɗauko wata 'yar kujerar katako da yake ajiyewa a jikin bango ta hannun dama, daidai inda direban da ke tahowa zai kasance, ya ce masa zauna nan ka ga kyan kayanka. Aka rufe ƙofa aka kunna. Mama Koku ta ce daga waje ta ji yaron yana cewa, "Kashe, Mzee, don Allah kashe." Ya fito hawaye na zuba, ya ce a mayar masa da tsofaffin.

Duk wanda ya je bikin Perpetuwa kuwa ya ga uban amarya ya ɓace ana tsakiyar cin abinci. Motar asibiti ce ta tsaya a bakin titi, fitilunta biyu sun mutu, ga mai naƙuda za a kai babban asibiti kuma rana ta yi sanyi. Ya fita da kwat ɗinsa, ya cusa kai cikin inji, ya gano wayar da ta ƙone. Minti ashirin ya dawo. Har yau in ka duba hoton bikin da ke rataye a gidansa za ka ga baƙin mai a hannun rigarsa, matarsa tana hararar wurin.

Fundi, kai ne ba ka taɓa cewa a dawo gobe don an zo maka da tsohuwar mota ba. Kai ne kake goge gilashin fitilar mai acaɓa da tsumma ɗaya da na babban ɗan kasuwa. Na ji direbobi suna zagin kanikawan garin nan ɗaya bayan ɗaya a tasha, in an zo kanka sai a sauya magana, don ba a samu abin faɗa ba sai dai a ce ba ka sauri.

Yanzu ga nawa labarin.

Sunana Juvenali. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, ba korata aka yi ba, zama ne ba na iyawa. Na yi acaɓa wata bakwai. Na sayar da rigunan waya a Kahama. Na shiga ramin zinari a Geita, na ga abin da ya sa na fito ban ko waiwaya ba. Na koyi aski mako uku. Gida an gaji da ni, ni ma na fara gajiya da kaina. Sai yayar mahaifina, Shangazi Yudita, ta kira ni. Tana da akori-kura da take kai ayaba da fiya kasuwanni, direbanta ya tsufa ya ajiye. Ta riƙe makullin a sama kamar za ta ba kare nama.

"Ƙara ɗaya, Juve. Ba biyu ba. Ranar da wani ya kawo min ƙararka a kan motar nan, ka ajiye min kayana."

Wata huɗu na yi lafiya lau. Ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba, don shi ne aikin da mutum yake zaune kuma yana tafiya. Wata ranar kasuwar Rulenge, na ajiye motar kusa da masu shanu, wata saniya mai ƙaho kamar reshen itace ta juya kai za ta kori ƙuda, ta fasa fitilar hagu. Ta dama kuwa da ma can ta yi jawur don tsufa. Shangazi ba ta sa wannan a laifina ba.

"Saniyar ba ta san ka ba," in ji ta. "Da ta san ka da na ce da gangan ta yi. Ka je wurin Fundi ya samo guda biyu ya saka."

Ban je ba. Wani abokina ya ce min a Kabanga, nan bakin iyaka, akwai mai sayar da fitilu biyu irin na motarmu, an ciro su daga wata mota can ƙetare a Burundi, kusan sababbi, kuma da arha. Na je na gani, suna sheƙi kamar ba a taɓa kunna su ba. Na saya. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na kai motar ƙarƙashin bishiya, na buɗe bidiyo a waya, na cire tsofaffin na saka waɗannan da hannuna. So nake in nuna wa Shangazi cewa ni ma ina da kai. Da ta ga motar ta ce, "Fundi ya yi aiki." Na yi shiru. Shirun nan shi ne ƙaryata.

Litinin da asuba na ɗauki ayaba na kama hanya. Duk motar da ta taho sai ta yi min walƙiya da fitila. Wani ya leƙo ya zagi uwata. Na duba, ƙaramar wuta ce a kunne, ba babba ba. Sai na ce a raina hassada ce, sun saba da fitilu masu kama da aci-balbal. Har nakan ɗaga musu babbar su ga bambanci.

Ranar Laraba, a kwanar gangaren da ke kafin gada, Kanani mai madara ya taho a babur da garewani huɗu. Na ga ya ɗaga hannu ya kare fuska, babur ya yi gefe, ya faɗa kwalbati. Na tsaya na fito da gudu. Gwiwarsa ta ɗaye, wandonsa ya yage, madara ta malale titi fari fat.

"Kai makaho kake nema ka mayar da ni?" in ji shi. "Wace irin wuta ce wannan?"

"Ƙarama ce, wallahi."

"To in wannan ce ƙaramar, babbar sai ranar tashin ƙiyama."

Kanani da Shangazi ƙungiyar mawaƙan coci ɗaya suke. Kafin in sauke kaya in dawo, labari ya riga ni gida. Na tarar da ita a tsaye bakin ƙofa da jakarta. Ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi tsorata ni. Ta buɗe gaban mota ta shiga.

"Fundi ya ce bai ga motar nan ba tun bara. Mu je wurinsa. Abin da ya ce a kanka shi zan yi. In ya ce ganganci ne, a nan za ka ajiye makullin, ka koma gida a ƙasa."

Muka same shi a bakin ƙofa yana kankare wata waya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai kalle ni ba. Ya zo gaban motar, ya tsuguna, ya sa babban yatsansa yana shafa gilashin fitilar daga ƙasa, inda ake buga ƙananan rubutu. Ya shafa ta hagu, ya shafa ta dama. Tun lokacin idonsa ya fara rauni, yatsan ne ke karanta masa.

"Ina ka samo 'yan matan nan?"

"Kabanga, Mzee."

"Ashe ƙetarowa suka yi. Ba kibiya." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Shigar da ita."

Ban gane ba. Na shigar da motar, ya tsayar da ni a kan alamar da ke daɓe. Ya zagaya ya daddanna tayoyi. Sannan ya leƙa waje ya ɗaga murya.

"Mama Koku, ina neman kaya. Kamar buhu shida."

Wannan ita ce hanyarsa da duk garin ya sani. Ya ce akori-kura ba ta tafiya da ciki wayam, in an loda mata kaya bayanta ya sauka, hancinta ya ɗaga, fitila ta kalli sama. Don haka ba ya daidaita fitilar motar kaya sai da nauyi a baya. Tunda ba shi da buhuna, matan da ke sayar da ayaba a bakin ƙofarsa su ne kayansa. Suka taso suna dariya suna gyara zane.

"Ni buhu nawa ce yau?" in ji Mama Koku tana hawa.

"Ke kaɗai biyu da rabi. Wata ta sauka kar a fasa mata taya."

"Ka ji tsohon banza. Da kuɗin shayinka na yi ƙibar?"

Perpetuwa ta ja ƙofa, duhu ya rufe mu. Ya ce in kunna ƙarama. Haske ya faɗa bango kusa da layin da aka rubuta Yudita. Rabinsa ya kwanta sambal, rabin kuma ya karye ya hau sama, kamar mutum ya ɗaga gira ɗaya.

"Juve, wace girar ta ɗaga?"

"Ta dama."

"Can ƙetare wane hannu suke bi?"

"Dama."

"Mu fa?"

"Hagu."

"To fitila ma hannu gare ta. Ana yin ta ne ta ɗaga gira ta gefen daji, don ka ga mai tafiya a ƙasa da akuya da allon hanya, ta sunkuyar da kai ta gefen da mota ke tahowa. Tamu ta hagu take ɗagawa, kuma akwai 'yar kibiya a jikin gilashinta. Waɗannan 'yan can ne. A gidansu masu ladabi ne. A nan, idon mutane suke tsokalewa. Sauko ka zauna."

Ya kai ni kan 'yar kujerar nan. Ina zama na ga abin da Kanani ya gani, wato ban ga komai ba. Ba mota, ba bango, ba hannuna. Fari kawai, da zafi a cikin kai. Kwana uku ke nan ina yi wa mutane haka ina cewa hassada ce. Na tuna akwai kwanar da ba kwalbati ne a gefenta ba, rami ne mai zurfi. 

"Ba za a iya sunkuyar da ita da sukundireba ba?" na ce.

"Za a iya. In na sunkuyar da ita har ta bar idon mutane, kai kuma ba za ka ga saniya ba sai ta shiga ƙarƙashinka. Kuma na ji ku da shanu ba kwa shiri."

Matan bayan mota suka fashe da dariya. Shangazi ba ta yi ba. Aka buɗe ƙofa, ta miƙo min tafin hannu. Na fara zare makullin.

"Dakata, Yudita," in ji Fundi. "Ban gama ba. Yau Laraba ko?"

Ya ce wa Perpetuwa ta kira masa Nahayo. Wani ɗan kasuwa ne daga Muyinga, can ƙetare, da ke shigowa duk Laraba sayen siminti. Ya sayi akori-kura irin tamu sak a wannan gefen, mai fitilu masu kibiya, ya kai ta gida, tun daga ranar ake zaginsa a hanya. Wata guda ke nan da ya zo ya roƙi Fundi in ya ji labarin 'yan dama ya tuna da shi. Ashe haka dattijon nan yake yi shekara da shekaru. Yana riƙe a kansa wa ke neman hagu, wa ke neman dama, in sun dace ya haɗa su musaya, kowa ya tafi da tasa.

Kafin Nahayo ya iso, Fundi ya buɗe murfin injin motarmu. Ya laluba bayan fitilun, ya ja wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya gwada kowane noti da sufana. Ya daɗe. Ni kuma ina tsaye ina kallonsa.

Wajen azahar Nahayo ya shigo, dogo, da hular kaboyi. Da ya ji labari ya rungume ni kamar ɗan'uwansa da ya ɓata.

"Kai ma ana zagin uwarka?"

"Tun Litinin."

"Ni tun bikin Easter. Har surukina ya zage ni bai san ni ne ba."

Aka jera motocin biyu gaba da gaba. Na ɗauka Fundi zai yi aikin, sai ya miƙo min akwatinsa ya ja kujera ya zauna. Ya ce wanda ya ɗaura shi zai kwance. Ya sa na fara cire kan batir, abin da bidiyon bai faɗa min ba. Na cire ragar gaba a hankali don kar 'yan maƙalanta su karye, na zare fitilar sigina ta gefe, na kwance notuna huɗu, na cire soket, na fito da fitilar a hannu biyu kamar jariri. Da na kai hannu zan kama ƙwan ta gilashinsa, ya buge min yatsu da sandar awo.

"Maiƙon hannunka zai ƙona shi cikin wata ɗaya. Ta gindi ake kamawa. Kuma ka mayar da robar baya da kyau, in ba haka ba damina ta zo ka ga ruwa kwance a ciki kamar kwalbar kifi."

Fitila huɗu na cire, huɗu na saka. Awa biyu da rabi, kuma ban duba waya ko sau ɗaya ba. Ya ba Nahayo guntun baƙin tef, ya nuna masa inda zai liƙa a gilashin fitila ya rufe girar da ke ɗagawa, in magariba za ta same shi a wannan gefen. Sannan aka sake shigar da tamu, kaya suka sake hawa, aka ja ƙofa. Haske ya ɗaga girar hagu. Ya ɗan haura layi da yatsa biyu. Ya kama hannuna ya ɗora a kan notin daidaitawa, ya ce juya a hankali, kamar kana murɗa kunnen yaron da kake so. Na juya, hasken ya sauko, ya kwanta a kan layin Yudita.

Aka buɗe ƙofa. Shangazi tana nan inda take tun safe, jaka a cinya.

"To, Fundi. Ina jin ka."

Ya goge hannu da tsumma, ya ɗauki lokacinsa.

"Na duba aikin da ya yi ranar Lahadi. Noti takwas, duk a ɗaure. Ba waya ko ɗaya a tsirara. Wanda ya yi wannan yana da hannu. Abin da ba shi da shi tambaya ce."

"Ya ɓoye min."

"Ya ɓoye. Wannan tsakaninku ne, ki ja masa kunne har ya yi tsawo. Amma ganganci kika tambaye ni, ni kuma rashin sani na gani. Kin tuna shekarar da aka yi wata guda ana zagin Fada a hanyar Rulenge, har ya yi wa'azi a kan masu baƙin baki?"

"Na tuna. Ina budurwa."

"Ni na saka masa fitilun. Daga ƙetare na sayo su, suna sheƙi. Ba wanda ya faɗa min zancen kibiya, sai da na je na tsaya a gaban motar da kaina."

Mama Koku ta kama ciki. "Shekara arba'in kana ɓoye wannan, Mzee?"

"Ba wanda ya tambaya."

Na ga bakin Shangazi yana motsi, tana danne dariya. Ya juyo gare ni.

"Kanani ba zai iya hawa babur ba sai gwiwarsa ta warke. Madararsa kuma ba ta san da wannan ba. Kullum da safe ka biya ka ɗauki garewaninsa ka kai masa, shi ma ya zauna a gaba. In ka yi haka, ni na ce a bar maka makullin."

Shangazi ta dube ni. Sannan ta mayar da hannunta cikin jaka.

"Tayar da mota. Ƙarar saniya ce wannan ma, don kai da ita hankalinku ɗaya. Amma ta gaba taka ce."

Kwana goma sha tara na yi ina ɗaukar Kanani. Ya zage ni kwana uku, a na huɗu ya fara koya min waƙar coci. Yau shekara biyu da wata biyar makullin yana aljihuna. Ban taɓa daɗewa a kan wani abu haka ba tun da aka haife ni.

Ranar Asabar ta ƙarshe da Fundi zai yi aiki, ba mu faɗa masa komai ba. Ya turo kekensa ya hau tudu, ya tarar da layin motoci tun daga ƙofarsa har kasuwa. Na ƙirga ashirin da shida, ban da babura. Duk wanda ke da layi a bangon nan ya zo. Shangazi ta sa an dafa ayaba da wake tukunya uku, Kanani ya kawo madara, Mama Koku ta zuba masa sukari cokali biyu ta ce kar likita ya ji. Muka ce masa ba gyara muka zo ba, mun zo ne ya duba mu karo na ƙarshe.

Ya ce ai ba ya ganin layin sosai yanzu. Perpetuwa ta ce ita za ta duba layi. Shi sai ya ɗauki 'yar kujerarsa ya kai ta jikin bango ta dama ya zauna.

"Idon da yana ta kama ya fi na kowa jin haske," in ji shi. "Wadda ba ta dame ni ba, ba za ta dami kowa ba. Ku shigo."

Ɗaya bayan ɗaya muka riƙa shiga. A ja ƙofa, a kunna, ya ce wuce. Matan ayaba sun hau sun sauka har suka ce a fara biyansu kuɗin mota. Biyu ya tsayar ya sa Perpetuwa ta taɓa musu noti, ɗaya daga ciki motar Fada ce, aka yi ta dariya. Nahayo ma ya zo da hularsa. Ana kunna tasa Fundi ya kare fuska ya ce, "Wannan baƙo ne, ku ƙyale shi, a gidansu yaron kirki ne."

Tawa ce ta ƙarshe. Na tsaya a kan alama, kaya suka hau, duhu ya rufe. Na kunna. Ina hango shi a gefe, zaune, hannu a kan gwiwa, fuskarsa a inuwa, hasken ya tsaya a ƙirjinsa daidai aljihun da allin yake.

"Juve, ka kunna kuwa?"

"Na kunna, Mzee."

"To ban ji ta ba. Wuce."

Na daɗe ban iya sa giyar baya ba, har Mama Koku ta buga rufin motar ta ce kaya sun gaji.

Fundi Zakayo, mun gode. Kai ne ka koya wa garin nan cewa fitilar mota rabi ce ta mai ita, rabi ta wanda ke tahowa. Mutane da yawa sun isa gida lafiya a hanyoyin nan masu kwana da rami, ba su san sunanka ba, ba su san saboda kai ne wani bai makantar da su ba. Ni na sani, don na zauna a kujerar. Kai ne ka duba aikina kafin ka duba laifina, kuma ka tona naka asirin a gaban mata shida don a bar min abincina. Allah ya sa aikin Mwanza ya yi kyau, ka ga ayabarka da idonka, ka ga jikokinka.

Ku kuma 'yan'uwana masu riƙe sitiyari da masu riƙe sufana, ɗakin yana nan, Perpetuwa tana ciki, kujerar tana jikin bango. Duk wanda ya sauya fitila ya je ya zauna a kanta minti ɗaya kafin ya hau titi. In za ku saya kuma, komai sheƙinta, ku tsuguna ku sa yatsa ku nemi kibiya.